Allurar Kashe Zafi Kafin Cire Haƙori: Lidoken, Artiken, Ko Wacce?

"Likita, don Allah wannan karon ka sa mini mai ƙarfin."

Abin da wata dattijuwa ta ce mini ke nan tun ba ta gama zama a kujera ba, hannu ɗaya dafe da kunci, ɗayan riƙe da bakin mayafi. Shekara huɗu da suka wuce an cire mata turmi a wani wuri. Ta ce allura uku aka yi mata, amma da aka ɗora awartaki sai da ta ji abin har tsakiyar kanta. Tun daga ranar ta ɗauki alkawarin ba ita ba kujerar likitan haƙori. Da wani turmin ya fara ciwo, wata biyu ta yi tana lallaɓa shi da kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi, sai da barci ya gagare ta sannan ɗanta ya kawo ta.

Na ce mata, "Mama, mai ƙarfi da marar ƙarfi ba ita ce maganar ba. Bari in ga haƙorin tukuna, in ji lafiyar jikinki, sannan mu san wadda ta dace da ke."

Yawancin masu zuwa wurinmu sun ɗauka allurar guda ɗaya ce, ko dai ta kama ko ta ƙi. Alhali magungunan da ake kashe wuri da su a bakin mutum sun kai biyar: lidoken, artiken, mefibaken, firiloken da bufibaken. Dangin juna ne, aikinsu iri ɗaya: su toshe 'yan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, saƙon zafi ya rasa hanyar zuwa ƙwaƙwalwa. Inda suka rabu shi ne saurin kamawa, daɗewa, iya ratsa ƙashi, da kuma irin jikin da kowanne ya fi karɓa. Abu uku nake dubawa kafin in miƙa hannu cikin durowa: wane haƙori ne, wane ne mai haƙorin, kuma minti nawa aikin zai ci.

Maganar wane haƙori ita ce gaba, domin sama da ƙasa ba ɗaya ba ne. Ƙashin muƙamuƙin sama sakayau yake, cike da 'yan ƙofofi kamar soso. In aka zuba magani a dasashi kusa da saiwar haƙori, sai ya tsuma ƙashin ya isa jijiya da kansa. Na ƙasa kuwa, musamman wajen turame, ƙashi ne mai kauri da tauri, magani ba ya ratsa shi da sauƙi. Shi ya sa ake zurfafa allura can ƙuryar baki, a nemo babbar jijiyar kafin ta shige cikin ƙashi, a kashe ta daga tushe. Wannan ce allurar da ke sa rabin leɓen ƙasa da rabin harshe su yi nauyi kamar ba naka ba. Ita ce kuma ta fi yawan ƙin kamawa, don likita ba ya ganin jijiyar, da alamomin ƙashi yake lalubo ta, kuma ba kowa ne tasa take zaune inda littafi ya ce ba.

Da tsohuwar zuma

Kafin a zo kan lidoken an sha wahala. A 1884 Carl Koller ya nuna a birnin Biyana cewa koken, wato abin da muke kira hodar iblis a yau, tana kashe zafi a ido. A shekarar nan William Halsted a Amurka ya yi amfani da ita ya kashe jijiyar muƙamuƙin ƙasa, irin allurar da na ambata yanzu. Shi kansa jarabar hodar ta kama shi saboda gwajin da ya riƙa yi a jikinsa. A 1905 aka samu Novocain daga hannun Alfred Einhorn a Jamus, wadda ba ta sa maye amma tana da jinkirin kamawa, tana saurin saki, kuma jikin wasu ba ya karɓar ta. Sai a 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Siwidin, ta shiga kasuwa a 1948 da sunan Xylocaine. Yau sama da shekara 75 ke nan, kuma har yanzu da ita ake auna duk wata sabuwa da ta fito.

Wadda muke amfani da ita kashi 2 cikin 100 ce, haɗe da adirenalin. Tana zuwa a 'yar kwalbar gilashi mai cin mililita 1.8 da ake zurawa cikin sirinjin ƙarfe, kowace kwalba da miligiram 36 na maganin. A sama takan kama cikin minti 2 zuwa 3. Cikin haƙorin kansa yakan mutu na kusan awa ɗaya, leɓe da dasashi kuwa awa 3 zuwa 5. Cire haƙori na yau da kullum ba ya cin rabin wannan lokacin.

Adirenalin ɗin ba ado ba ne. Lidoken ita kaɗai tana buɗe jijiyoyin jini, jini ya kwashe ta ya yi gaba, cikin minti 5 zuwa 10 haƙori ya farfaɗo. Adirenalin ke matse jijiyoyin jinin, magani ya zauna inda aka ajiye shi, ya daɗe, zubar jini ta ragu, abin da ke shiga jiki a lokaci ɗaya ma ya ragu. Na faɗi haka ne saboda akwai wuraren da in kwalbar haƙori ta yanke, sai a zuƙo lidoken zalla daga babbar kwalbar da ake ɗinkin rauni da ita. Mai haƙori ya ji leɓe ya yi nauyi, a fara aiki, ana tsakiya zafi ya dawo. Ba jininsa ne mai ƙarfi ba, kamar yadda ake yawan gaya wa mutane. Maganin ne bai dace da aikin ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kwalbar lidoken mai adirenalin 1 cikin 80,000, wato ma'aunin kaurin adirenalin a cikin ruwan maganin, a jerin magungunan da bai kamata asibiti ya rasa ba. Ta fi sauran araha, ta fi samuwa, an fi sanin halinta a jikin yara da tsofaffi da masu juna biyu. A ra'ayina, duk wanda zai cire haƙorin sama, ko haƙorin gaba, ko turmin da bai kumbura ba, kuma lafiyar jikinsa lau, to ba shi da dalilin neman wata. In likita ya ɗauko Lignospan ko Xylocaine, waɗanda duka sunayen kasuwa ne na lidoken, bai rage ka da komai ba.

Artiken, mai ratsa ƙashi

Wannan ita ce ake ta muhawara a kanta, ita kuma ta cancanci a tsaya. A Jamus aka haɗa ta a 1969, ta shiga asibitocin can a 1976, amma sai a 2000 Amurka ta amince da ita. Za ka gan ta da sunan Septanest, Septocaine ko Ubistesin. Kashi 4 cikin 100 ce, wato ninkin lidoken a kauri, kowace kwalba mai mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 72.

Abu biyu ne suka bambanta ta. Na farko, ƙirar sinadarinta ta sa ta fi narkewa cikin kitse, jijiya kuwa da kitse aka lulluɓe ta, don haka tana kutsawa inda lidoken ke tsayawa. In aka zuba ta a dasashi gefen turmin ƙasa, inda na ce ƙashi ya yi kauri, sau da yawa takan ratsa ta kashe haƙorin. Lidoken ba ta cika yin haka a babban mutum ba. A nan ne fifikon artiken ya fito fili, kuma gwaje-gwajen da aka yi ta maimaitawa sun tafi a kan haka. Amma in aka zo ga allurar ƙuryar baki, wadda ake kashe babbar jijiya, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne. Can ba ƙarfin magani ake nema ba, iya kai bakin allura inda ya dace ake nema.

Na biyu, yadda jiki ke kawar da ita. Lidoken sai ta je hanta kafin a warware ta, rabinta yana ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi kafin ya fita daga jini. Artiken kuwa kusan kashi 90 cikin 100 nata a cikin jini ake warware shi, rabinta ya tafi cikin minti 20 da 'yan kai. Ga mai ciwon hanta, wanda muke gani ba kaɗan ba saboda yawan ciwon hanta nau'in B a ƙasashenmu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai wani wurin da nake gode wa Allah da samuwarta: mutumin da jininsa ba ya saurin daskarewa, ko wanda ke shan maganin tsinka jini. Allurar ƙuryar baki tana wucewa kusa da manyan jijiyoyin jini, in ta huda ɗaya jini zai iya taruwa a ciki inda ba a gani. In artiken za ta kashe turmin daga gefe, an kauce wa wannan haɗarin gaba ɗaya.

To me ya hana a watsar da lidoken a koma mata? Lissafi ne na farko. Iyakar abin da aka yarda a ba mutum a duka biyun miligiram 7 ne a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan zai ɗauki miligiram 420. A lidoken kwalba 11 ke nan, a artiken ko 6 ba su cika ba. Babba ba ya kaiwa can a cire haƙori ɗaya. Amma ɗauki yaro mai kilo 20: iyakarsa miligiram 140, wato lidoken kusan kwalba 4, artiken kuwa kafin a gama ta biyu an ƙetare. Likitocin yara da yawa ma ba sa bari lidoken ta wuce miligiram 4.4 a kilo. Yawancin munanan labaran da ake ji na yaro ya fara jijjiga a kujera daga nan suke fitowa, daga ƙirga kwalba maimakon ƙirga kilo. Ba a ba yaron da bai kai shekara 4 ba artiken. Uwa in ta kawo yaro aka ce a ɗora shi a sikeli tukuna, kada ta ga ɓata lokaci.

Na biyu shi ne zancen jijiyar da ba ta farfaɗo ba. A 1995 wasu masu bincike biyu, Haas da Lennon, suka bi rahotannin shekara 21 na lardin Ontario a Kanada, suka ga cewa waɗanda harshensu ko leɓensu ya zauna a mace makonni ko watanni bayan allura, galibinsu da magunguna masu kashi 4 aka yi musu, wato artiken da firiloken. Tun daga nan ake ja-in-ja. Wasu sun ce kaurin maganin ne ke yi wa jijiya illa, wasu sun ce bakin allura ne ya taɓa ta, kuma sabon magani dama shi aka fi kai ƙararsa. Abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma mafi yawan waɗanda ya samu sukan warke cikin makonni. Ni dai ga matsayata: tunda artiken ba ta fi lidoken da wani abin kirki ba a allurar ƙuryar baki, ban ga abin da zai sa in ɗauki ko da ɗan wannan shakku ba. Ƙurya da lidoken, gefen dasashi da artiken. Likitoci da yawa haka suke yi, kuma haɗin biyun ya fi kowace ita kaɗai. Ga tsada kuma, don artiken ta fi kuɗi, ba ko'ina ake samunta ba.

Haƙorin da ya riga ya yi zafi

Mu koma wurin Mama. Da na duba, turmi ne na farko a ƙasa, rami ya ci rabinsa, ko iska ta taɓa sai ta zabura, ga ɗan kumburi a dasashi. Nan na gane abin da ya faru da ita a baya. Haƙori mai ciwo ya fi lafiyayye wuyar kashewa nesa ba kusa ba. Inda akwai kumburi da mugunya naman wurin yakan yi tsami, maganin kuma a wuri mai tsami ba ya iya sauya kamar da zai shige cikin jijiya. Jini ya ƙaru a wurin, yana kwashe shi da sauri. Ita kanta jijiyar da ta kwana biyu tana ciwo ta zama mai saurin firgita, har takan fitar da wasu ƙofofin sodiyam da ba sa jin magani sosai. Ga tsoro, wanda ke rage wa mutum juriya. Duk wannan ya haɗu a bakin mutum ɗaya.

Na yi mata ta ƙurya da lidoken, a hankali, kwalba ɗaya cikin kusan minti guda, don yawancin zafin allura daga saurin turawa yake. Bayan minti 5 na ce, "Mama, leɓen fa?" Ta taɓa da yatsa ta ce, "Ya yi nauyi, ɗana, kamar an ɗora mini dutse." Ban ɗauki awartaki ba. Nauyin leɓe yana nuna allura ta isa yankin jijiyar, amma ba ya nuna cikin haƙori ya mutu. A turmin ƙasa hakan kan ɗauki minti 10, wani lokaci 15. Na ƙara mata artiken a gefen dasashi, muka jira, na sa abu mai sanyi a kan haƙorin. Ta ce ba ta ji komai ba. Sannan na gaya mata abin da ya kamata a gaya wa kowa: za ki ji ana turawa, za ki ji ana girgizawa, za ki ji ƙara a kunne, don maganin ba ya kashe jin nauyi. Amma in kin ji tsini ko zafi, ɗaga hannun hagu, zan tsaya. Ba ta ɗaga ba. Da na nuna mata haƙorin a cikin faranti sai ta ce, "Au, har an gama?"

Da ta ɗaga hannun, da sauran hanyoyi. Ana iya tura ɗan magani ta siririn ramin da ke tsakanin haƙori da ƙashi, ko cikin ƙashin kansa. In kuma kumburin ya yi yawa har baki ba ya buɗuwa, sai a fitar da mugunya, a ba da magani, a sa rana. Abin da ba daidai ba ne shi ne a ce wa mutum "yi haƙuri, saura kaɗan" alhali yana ihu.

Mai hawan jini da mai ciwon zuciya

Nan ne tambaya ta fi yawa, nan ne kuma aka fi yin kuskure ta ɓangare biyu. Wasu da sun ji "hawan jini" sai su gudu daga adirenalin baki ɗaya. To amma jikin mutum shi ma yana da nasa adirenalin, kuma in zafi da tsoro suka kama shi, abin da zai zubo cikin jini ya fi na kwalba yawa. Allurar da ba ta kama ba ta fi ɗaga jini fiye da wadda ta kama da ɗan adirenalin a ciki. Don haka mai hawan jinin da ke shan maganinsa, awonsa ya daidaita, ana yi masa lidoken mai adirenalin ba fargaba. Abin da ake kiyayewa adadi ne. Lafiyayye zai ɗauki har miligiram 0.2 na adirenalin, mai ciwon zuciya kuwa ana tsayar da shi a 0.04. Wannan kwalba 2 ke nan na mai 1 cikin 100,000, ƙasa da 2 kaɗan na mai 1 cikin 80,000, ko 4 na artiken mai 1 cikin 200,000. Sannan likita ya ja sirinji baya kafin ya tura, ya tabbata bakin allura ba cikin jijiyar jini yake ba. In awo ya kai 180 bisa 110, ba maganar wace allura ba ce kuma, ranar ba ranar cire haƙori ba ce sai an sauko da jinin.

Akwai waɗanda gara a bar adirenalin ɗin: mai bugun zuciya da bai daidaita ba, wanda bai daɗe da samun bugun zuciya mai tsanani ba, mai ciwon maƙoƙon da ke sa jiki rawa da zufa wanda ba a shawo kansa ba, da wanda ya sha hodar iblis a ranar ko jiya. Masu shan furofanolol, maganin zuciya da hawan jini, ko amitiriftilin, maganin ciwon damuwa da ciwon jijiya, su ma a faɗa wa likita, don waɗannan suna ƙara wa adirenalin kaifi. Haka wasu masu asma da jikinsu ba ya shiri da salfayit, sinadarin da ake sawa a duk kwalba mai adirenalin don kada ya lalace.

Waɗannan su ne mutanen mefibaken, wadda aka sani da Scandonest ko Carbocaine. Kashi 3 cikin 100 ce, miligiram 54 a kwalba. Ita ba ta buɗe jijiyoyin jini sosai, don haka tana iya tsayawa da ƙafarta ba adirenalin. Tana saurin kamawa, amma gajeren zango ce: kimanin minti 20 a sama, minti 40 in ta ƙurya ce, leɓe kuma awa 2 zuwa 3. Ta isa a cire haƙorin da ke girgiɗi ko saiwar da ba ta da gardama. In aiki ne mai yanka da ɗinki, za ta saki a hanya, jini kuma zai fi zuba. Wani kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar ta a matsayin ta yara, wai don leɓe zai saki da wuri. Bambancin sakin bai kai yadda ake zato ba, ga shi ta fi lidoken kauri, ba kuma adirenalin da zai rage saurin shigarta jini. Yaro ya fi saurin kaiwa iyaka da ita.

Firiloken, wato Citanest, ita ma ana samun ta ba adirenalin, ko a haɗe da felifiresin, wani mai matse jijiyoyin jini wanda ba ya tayar da zuciya. A Ingila an daɗe ana ba masu ciwon zuciya ita. Ni ba na marmarinta a nan wurinmu. In ta yi yawa, abin da hanta ke mayar da ita yana hana jan jini ɗaukar iskar numfashi, leɓe da farce su yi shuɗi. Maganin da ake warware hakan da shi kuma haɗari ne ga mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Ƙara da masu sikila da masu ƙarancin jini, sai ka ga mefibaken ta fi kwanciyar hankali. Mai juna biyu ma ana kauce wa felifiresin saboda kamarsa da sinadarin da ke tayar da naƙuda. Lidoken mai adirenalin ita ce tata, kuma ciki ba ya hana cire ruɓaɓɓen haƙori. Wata na 4 zuwa na 6 ya fi sauƙin zama a kujera, amma mugunya ba ta jiran haihuwa.

Bufibaken, ta dogon zango

Marcaine ke nan, kashi 0.5 cikin 100, miligiram 9 kacal a kwalba, amma ta ninka lidoken ƙarfi kusan sau huɗu. Tana da nawa, sai an jira minti 6 zuwa 10, wani lokaci fiye. In ta kama kuwa, leɓe da muƙamuƙi za su iya kai awa 8 ko 12 a mace. Wurinta ɗaya ne a ganina: turmin ƙarshe, wanda ke fitowa bayan mutum ya balaga, in ya kwanta a cikin ƙashi sai an tsaga dasashi an fasa ƙashi kafin ya fito. Zafin irin wannan aikin yana kai ƙololuwa cikin awannin farko, daidai lokacin da lidoken ke saki. Bufibaken tana tsallakar da mutum wannan gaɓar. Wasu kan yi aikin da lidoken, in an gama su ƙara bufibaken don hanya.

Ba kowa ke son ta ba. Yini guda kana dalalar da yawu, shayi na zuba ta gefen baki, ba daɗi. A muƙamuƙin sama ba ta daɗewa a cikin haƙori kamar yadda take yi a ƙasa. In ta shiga jijiyar jini bisa kuskure ta fi sauran duka illa ga zuciya, shi ya sa ba a wuce miligiram 90. Ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. Kuma gaskiyar magana, farasitamol da ibufurofen in aka haɗa su, aka sha tun kafin leɓe ya saki, suna yin mafi yawan abin da ake nema a wurinta, ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Asfirin kam a bar shi, yana ƙara zubar jini.

Man da ake shafawa a dasashi kafin allura, na binzoken ko na lidoken, fatar sama kawai yake kashewa, milimita 2 ko 3. Yana rage tsinin allura in an busar da wurin an ba shi minti ɗaya ko biyu, amma ba a cire haƙori da shi. Kanumfarin Mama ma haka: akwai sinadarin yujinol a cikinsa da ke lafar da zafi da gaske, har muna amfani da shi a wasu kayan cike haƙori, sai dai iyakarsa lafarwa. Man binzoken kuma kada a shafa wa jariri mai fitar da haƙori. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kan ba yaran da ba su kai shekara 2 ba, saboda irin matsalar jinin nan da na ambata a firiloken.

"Jikina ba ya karɓar allurar"

Ina jin wannan kusan kowane mako, kuma ba na wasa da shi. Sai dai in na bi diddigi, labarin yakan kasu uku. Wani jiri ya ɗebe shi, ya yi zufa, ya suma: wannan tsoro ne da yunwa, ya zo bai karya ba, ya ga allura. Wani zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa, bayan 'yan mintuna ya wuce: adirenalin ne ya ɗan shiga jini. Na uku, wanda jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, fuska ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, shi ne ainihin ƙin magani, kuma a wannan dangin magungunan da wuya ake samun sa. Mai irin wannan labarin a tura shi gwaji, kada a yi canki-canka a kansa. Na farko da na biyu kuwa abinci da kwantar da kujera da turawa a hankali sun ishe su.

Masu azumi sukan tambaya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa cire haƙori da allurar da ba ta abinci ba cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar ba a haɗiye komai ba. Duk da haka ni nakan ba mai ciwon suga da mai saurin jiri shawarar su zo bayan shan ruwa in akwai hali, don ga maganin zafin da za a sha bayan an gama.

Saura abu ɗaya da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya dame mu: zafi. Waɗannan kwalabe an ce a ajiye su ƙasa da digiri 25, nesa da haske. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ɗakin da ba wuta yana haura 40. Adirenalin ne ke fara lalacewa, in ya lalace kuma lidoken mai awa ɗaya ta koma kusan ta minti goma, ga raɗaɗi wajen turawa. Kafin in zura kowace kwalba a sirinji nakan ɗaga ta sama in duba. In ruwan ya sauya zuwa ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ko akwai gari-gari a ciki, ko babban kumfa, ko robar gindin ta turo waje, kwandon shara ta nufa ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Mai haƙori ma yana da damar ya ce, "Likita, in ga kwalbar?" Ruwan ya zama garau kamar na sha.